Idon da Ya Ƙi Tsukewa

"Sake murzawa," in ji Auta.

Mai gyaran agogo ya ɗaga gilashin tsohuwar kyamarar wajen hasken ƙofa, ya murza zoben. Ƙas, ƙas, ƙas. Ramin da ke ciki yana nan a wangame, ko gezau.

"'Yar nan, ni fa agogo na sani. Amma kin ga siraran ƙarafan can? In an murza, haɗuwa za su yi su tsuke idon. Tsohon mai ne ya daskare ya riƙe su. A haka, hotonki fari fat zai fito."

Ta sani sarai. Tun tana ƙarama Baba ya koya mata: kafin a sa fim, a duba idon a haske. "Ido mai rai kunyar haske yake ji," haka yake cewa. "Wanda ya tsaya ƙuri, ya gama aiki."

Baba kuwa ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ɗaukar hoton amare da jarirai da 'yan makaranta, shi ko hoto ɗaya ba shi da shi. Wanzami ba ya son jarfa. An nuna shi da waya ya fi a ƙirga, sai ya kare fuska da hula. Sai jiya, a gadon asibiti, ya kamo hannunta. "Kafin su shiga da ni aiki, ki ɗauke ni. Da tawa kyamarar, ba da wannan abin latse-latsen naku ba."

Wayarta ta yi ƙara. Yayanta ne.

"Ke wai kina ina? Jikin Baba fa ya rikice!"

"Ga ni nan, Yaya. Ga ni nan."

Ba ta motsa ba. Ina amfanin zuwa da makauniyar kyamara?

"Don Allah, Kawu, ka yi wani abu."

Tsohon ya ja tsaki, ya kwance gilashin baya, ya dangwali ruwan wanke agogo da ɗan tsinke mai auduga. Shafa kaɗan, hura kaɗan, kamar ba sauri ake ba. Auta kamar ta fizge ta yi da kanta. Can ya murza. Ƙarafan suka zamo a hankali, ramin ya koma kamar ƙwayar gero.

"To, ga idonki ya farka."

Ko godiyar kirki ba ta tsaya yi ba. A mota ta sa fim.

Ta tarar an ja labule a gadon. Yaya na jingine da bango. Likita ya ɗaga fatar idon Baba da yatsa, ya haska 'yar tocila. Auta ta matso, kyamara a ƙirji, ta leƙa. Baƙin idon yana nan a buɗe, bai ji kunyar komai ba.

Likita ya buɗe baki zai yi magana.

"Sake haskawa," ta ce.