Ramin da Haruna Ya Haƙa

Iya ta cika da hantsi, a ɗakin hayar 'yarta Sabuwa da ke Ƙofar Kwaya, cikin irin bazarar nan da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa. Kafin azahar an riga an haƙa mata kabari biyu.

'Ya'yanta maza ne suka jawo haka. Uku ta haifa a wani ƙauyen Maguzawa can bayan Batagarawa: Sabuwa ce babba, sai Idi, sai Haruna auta. Da kuɗin fetur ya fara zuba, gine-gine suka tashi ko'ina a Katsina, duk ukun suka kwararo birni. Idi ya musulunta tun yana yaron mota, ya sami kwangilar kai yashi, ya sayi farar akori-kura sabuwa fil, ya je Makka ya dawo da haƙorin da ba ya bari a manta da shi. Haruna kuwa masu bishara ya bi, kamar yayarsa. Birkila ne, ranar Lahadi kuma shi ke buga ganga a coci. Ita Sabuwa abinci take dafa wa wasu injiniyoyi a GRA, mijinta ya daɗe da rasuwa.

Iya, baiwar Allah, ba ta taɓa iya ce wa ɗanta a'a ba. In tana gidan Idi sai ta ɗauki buta, ta tsaya salla kusa da Kubura matarsa, tana satar kallonta don kada ta riga ta sunkuyawa. In tana wajen Haruna sai ta zauna a bencin mata tana tafi, ko da waƙar ba ta tafi ba ce. Shi ya sa Idi ke rantsuwa cewa a gabansa ta yi kalmar shahada, Haruna kuma ke rantsuwa cewa da idonsa ya ga ta ɗaga hannu a coci ranar bikin tashi daga matattu. Babu maƙaryaci a cikinsu, abin da ya hana rigimar mutuwa ke nan.

Su biyun sun daɗe suna gaba, tun ranar da Idi ya ƙi cin naman bikin Haruna a gaban mutane. Sabuwa ce ta riƙe gidan da dabara. Da Iya ta kwanta ciwo, sai ta tsara musu: Idi ya zo da safe, Haruna da yamma. In ɗaya ya kawo lemo, ta ɓoye kafin ɗayan ya iso. Ta kan yi alfahari a ranta cewa ita ce mai riƙe da zaman lafiyar gidansu. Ashe murfi kawai ta danne a kan tukunyar da ke tafasa, yau kuma hannunta ya gaji.

Yanzu tana zaune a ƙasa, tana yi wa gawar fifita. Kwanon rufin ɗakin ya ɗau zafi kamar tanda. Ta yayyafa ruwa a daɓe, ya bushe kafin ta ajiye kwaryar. Ƙudaje sun fara samun hanya ta ƙarƙashin ƙofa. A tsakar gida kuwa murya sai tashi take yi. Idi ya zo da mutanensa, da likkafani, da makara a bayan mota. Haruna ya dawo daga maƙabartar Kirista da shebur a kafaɗa, jar ƙasa har gwiwa, samarin coci na biye da shi da akwatin da kafinta ya haɗa da ragowar katakon gini.

"Uwata ba ta shiga cikin akwati kamar kayan shago!" in ji Idi.

"Uwarka? Yaushe rabon da ka wanke mata ko tsumma? Da mota ka san ta!" in ji Haruna.

Sai aka ƙwanƙwasa a hankali. Malam Ɗanliti ne, tsohon mai bishara, wanda ya yi wa Sabuwa baftisma a rafi tun tana budurwa. Ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, gumi na tsiyaya daga gemunsa.

"Sannu, ɗiyata. Allah shi ba da haƙuri. Na yi magana da su, ba mai ji. Ina ganin a bari zuwa gobe, a kai maganar gaban hukuma. Abin da suka yanke, kowa shi ɗauka. Kar a yi jini."

"Gobe, Baba?" Muryarta ta fashe. "Shigo. Don Allah shigo ka shaƙa."

Ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya. Hancinsa ya riga ya ba shi amsa. Tsohon ya ja da baya yana goge ido, ya koma tsakanin masu ihun yana ɗaga hannu, kowa na magana ta saman kansa.

Sabuwa ta kifa goshi a gefen tabarmar ta yi kuka irin na wanda ya rasa tudun dafawa. Uwar da ta goya su, ta yi musu surfe da daka har tafin hannunta ya zama ƙirgi, ita ce za ta lalace a ɗakin haya saboda 'ya'yanta suna son ta. Kuma gaskiya ita ce Sabuwa ba 'yar kallo ba ce a wannan rigima. Tana da ɓangare. So take a kai Iya coci. Ta riga ta zaɓi waƙar da matan zumunta na coci za su yi. Tana son ta tsaya a bakin ramin, ta zuba ƙasa da hannunta, ta san wurin, ta riƙa zuwa tana cire ciyawa da damina. Ta kuma san in Idi ya ɗauka, iyakarta ƙofar gida, don a wajensu mata ba sa bin gawa. Kalma ɗaya daga bakinta, ita babba, ita mai jinya, ta isa ta ba Haruna nasara. Ta kuma san daga ranar ba za ta ƙara ganin ƙannenta a inuwa ɗaya ba, in ma ba a kwashi ɗaya zuwa asibiti ɗaya zuwa gidan yari ba.

Tana cikin haka wani wa'azin Malam Ɗanliti ya faɗo mata, wanda ta ji shekarun baya tana gyangyaɗi. Ya ba su labarin yadda almajiran Yesu suka kulle kansu a ɗaki don tsoro, shi kuma ya bayyana a tsakiyarsu ya yi musu gaisuwar salama, sa'an nan ya nuna musu hannuwansa da aka huda. Tsohon ya ce musu su lura, salamar da ake nufi ba shiru ba ce, ba kuma kowa ya kama gabansa ba ne. Abin da ya tsage ne ake ɗinkewa, kuma mai ɗinkin ne allura ke soka. A ranar ta gyaɗa kai kamar kowa, ta fito tana tunanin cefane.

Ta miƙe. Zuciyarta na cewa kar ki yi. Ta zare sakata.

Daidai lokacin Idi ya ture samarin coci ya nufo ƙofar, yana cewa ya ga wanda zai hana shi ɗaukar uwarsa. Haruna ya juya sheburin sama. Ba ta yi tunani ba, ta dai ga kan Idi babu hula, ta ga ƙarfen na saukowa, ta miƙa hannu. Ƙarar da aka ji kamar an taka busasshen kara. Ta durƙushe a bakin ƙofa, hannunta na dama ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa, jini na bin gwiwar hannun yana ɗiga a ƙasa.

Sheburin ya faɗi.

"Yaya!" Haruna ya zube a gabanta. "Yaya, ba ke na nuhwa ba! Wayyo, na kashe kaina!"

"Na sani. Ɗan'uwanka ka nuhwa." Da ƙyar maganar ke fita. "Haruna, ba shi. Bar shi shi tahi da ita."

Ya ɗago da jajayen idanu. "Ke ma, Yaya? Ni da hannuna na haƙa mata. Tun hantsi nike cikin ramin nan."

"Ka ɗauka ni ba ni so? Ni ce ba zan ga inda aka sa ta ba, kai ko za ka gani. Amma Iya ta hwara wari, auta. Yesun da muke bi ba shi ɓatan hanyar kabari, duk inda take ya san ta. Kuma da ya shiga tsakani, ba da jikin wani ya shiga ba, da nashi ya shiga."

Wata daga cikin matan coci ta ja tsaki a bayan taro, ta ce dama wa zai ƙi ɗan'uwa mai mota. Sabuwa ta ji, ta kuma san za ta daɗe tana jin irinta, har a bencin da take zama.

Ta juya ga Idi, wanda ya tsaya kamar an dasa shi, jininta a gaban farar rigarsa. "Alhaji, ga uwarka nan. Abu ɗaya na roƙe ka. Bar auta shi kama makara."

Mutanen Idi suka dubi juna, wani ya fara gyaran murya zai yi bayani. Idi bai ko waiwaye shi ba. Ya ce, "Ɗanta ne."

Malam Ɗanliti ya ɗaure mata hannun da kara da ɗankwali, ta ƙi a kai ta wajen mai ɗori sai an gama. Kubura ce ta shigo da ruwa a masaki. Su biyun ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba, amma yau Kubura ke wanka da hannu biyu, Sabuwa na tallafe kan Iya da hagu, tana gaya mata inda za ta bi a hankali saboda gyambon kwanciya. Kubura na yi tana hawaye, tana cewa, "Sannu, Yaya," ba a san ko da hannun take ba ko da rashin.

Ba a sa ta a mota ba. Idi ya kama gaba, Haruna ya kama baya, kuma da yake Haruna ya fi tsawo sai makarar ta ɗan karkata, wasu suka sa kafaɗa suka daidaita. Sabuwa ta raka su har bakin zaure, inda iyakarta take. Ta tsaya tana kallon farin likkafanin yana lilo a saman kawuna, har suka sha kwana ta bayan wani sabon gini da ba a rufa ba. A nan ne ƙarfinta ya ƙare. Ta zauna a dakalin ta rusa ihu, tana kiran Iya da sunanta na yarinta, ba ta damu da wanda ke ji ba. Babu wani sanyin zuciya da ya sauko mata. Zafi ne kawai, a hannu da ƙirji.

Bayan la'asar suka dawo, ƙura har gira. Mutane suka yi ta'aziyya suka watse. Akwatin katakon na jingine a bango babu kowa a ciki. Haruna ya zauna nesa da kowa, ya kasa kallon hannun yayarsa. Idi ya daɗe a tsaye yana juya makullin mota, sa'an nan ya sunkuya ya ɗauki sheburin daga inda ya faɗi. Sabuwa ta yunƙura za ta miƙe.

Idi ya goge bakin sheburin da gefen rigarsa, ya je gaban Haruna.

"Auta," in ji shi, sunan da rabon bakinsa da shi tun suna ƙauye. "Ramin nan da ka haƙa, ba a bar shi buɗe. Tashi ka nuna mani wurin. Ka gaji, ni zan mai da ƙasar."

Haruna ya tashi. Suka fita, ɗaya na gaba ɗaya na baya. Sabuwa ta bi su da ido daga dakali, hannunta a rataye a wuya. Wannan ramin tana da ikon zuwa bakinsa ko yaushe ta ga dama, sai dai Iya ba ta ciki.