Ƙafafun Maƙwabciya

Tun ranar da ɗana ya shigo baki har kunne, wai an ɗauki 'yarsa a shirin difloma ta ƙasa da ƙasa, jikina ya ba ni akwai magana. Ya ce shekara biyu ce a ƙarshen sakandare, in ta gama jami'o'in duniya rububinta za su yi. Na ce Allah ya sanya albarka, na koma kan keken ɗinkina. Ashe a kaina abin zai ƙare.

Farfesa nake ce wa jikar tawa, don tun bakinta bai gama buɗewa ba take gyara wa manya magana. Ni na raine ta. Da ciwon suga ya taɓa min ido da ƙafa, ita ke yanke min farce, ta shafa min mai, ta zura min zare a allura, tana yi tana ba ni labarin wa ya yi faɗa da wa a aji. Wannan ɗan lokaci na yamma shi ne rabona a duniya. Difloma ta zo ta cinye safiya, ta cinye hutu, darussa shida, ga wani dogon rubutun bincike da ko sunansa ba na iya faɗa. Na kawar da kai, tunda an bar min yammata.

Sai rannan ta ajiye jaka ta ce, "Kaka, daga gobe wajen Nas zan riƙa zuwa da yamma."

Nas tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce, ƙofarta na kallon tamu. Mace ce mai iyayin tsiya, in ka ce mata sannu sai ta gaya maka gishiri ya yi maka yawa.

"Ki yi mata me?"

"Hidimar al'umma. Dole ce, wanda bai yi ba ba shi da difloma. Zan riƙa duba mata ƙafa, ina ɗebe mata kewa."

"Ni kuma ƙafar katako gare ni?"

"Taki ba a ƙirgawa, Kaka. Ke 'yar gida ce."

Kai, jama'a! Na kai ƙara wajen uban, ya ce don Allah Mama kada ki jawo mana. To, ni ba a yi min haka. Na ɗauki sandata na shiga tasi sai makarantar. Malamar da ke kula da shirin ta ba ni kujera mai juyi, ta ba ni ruwa, ga ladabi kamar ka sa ta a aljihu, ga taurin kai.

"Mama, manufar ita ce yaro ya fita daga gida ya san damuwar wasu."

"To daga yau na zama wasu. Rubuta."

Ta yi dariya ta ce ƙa'ida ce, ba ita ta kafa ba. Amma wai ta samo mafita: jikan Nas ajinsu ɗaya da Farfesa, shi ma tasa kakar ba a ƙirga masa ita, don haka shi zai riƙa zuwa wajena. Ku ji fa! A musanya tsofaffi kamar an yi kuskuren takalma a bakin ƙofa.

Haka jikan nata, Dogo, ya fara sallama da safar hannu ta roba. Yaron kirki ne, ban ce ba, amma riƙon abin yankan farcensa na mai gyaran famfo ne. Yana gamawa sai ya gyara zama ya ce, "Kaka, ya kike ji a ranki game da tsufa?" Wai dole ya rubuta darasin da ya koya. Na ce rubuta tsufa ya fi ka iya yankan farce. Duk wannan ba shi ke ci min rai ba. Ta taga nake jiyo dariyar jikata, tana ba wa Nas labaran aji, waɗanda ni na san farkonsu. In ta dawo ta gaji liƙis, sai littafi. Na kori Dogo a mako na uku.

Na zauna na yi wa kaina faɗa. Yarinyar nan in ta gama jirgi za ta hau, idona kuma kullum baya yake yi. Wa zan yi wa fushi? Na haɗiye girman kaina, na ɗauki 'yar kujerata, na ƙwanƙwasa ƙofar matar da ban taɓa taka ɗakinta ba.

Nas ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Bismillah." Farfesa na durƙushe da ƙafar mutane a cinya, ta yi murna har da tafi. Na zauna daf da ita, kafaɗarta na gogar gwiwata, labari ya dawo inda na san shi. Wallahi har na manta haushin da na shigo da shi.

Can ta zaro waya, ta jingina ta da kwalbar mai, ta leƙa, ta sake leƙawa.

"Kaka, ɗan matsa can. Hoton shaida zan ɗauka, kina fitowa a ciki."

Na ga yadda take kallona tsakani da Allah. Na ja kujerata bayan ƙofa. Daga nan bayanta kawai nake hange, shi ma dishi-dishi. Washegari tun kafin ta dawo makaranta na kai kujerar na ajiye a wurin.