Filin Jar Marmara

Ko sati mijinta bai yi a ƙasa ba wansa ya shigo ɗakin, ya sa hannu ya sauko da na'urar neman zinariya daga ƙusar da take rataye. Sai da ya kai bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Ina mace ina inji? Ki ji da tasar wankinki." Washegari ya cire turakun marigayin daga filin haƙarsa da ke gindin tudu, ya kafa nasa.

Mai Tasa, kamar yadda mahaƙa ke kiranta saboda ita ce gwanar wankin yashi don tace zinariya a bakin rafi, ba ta yi kuka a gabansa ba. Amma fa abin ya tsaya mata a wuya. Shekara uku mijinta yana fama da filin nan, kuma shi kaɗai ne abin da ya bar mata, ita da 'ya'ya biyu. Ta rantse sai ta karɓe abinta, kuma sai mutumin nan ya ji a jikinsa.

Hanya ɗaya ce tak. A dokar mahaƙa, duk wanda ya cire turkensa da hannunsa a gaban shugabansu ya bar fili ke nan, wanda ya riga kafa nasa shi ke da shi.

Filin kuwa mugun fili ne. Jar marmara ce mai ƙarfe a jiki, ga baƙin yashi a ƙarƙashi. Na'ura na shiga sai ta haukace, ta yi ta ihu a kan kowane dutse kamar akuyar da aka raba da ɗanta. Marigayin ya san halinta. Yakan kunna wani madanni da ke sa ta riƙa bin ƙasar da kanta tana haɗiye hayaniyar. Ya sha gaya wa matarsa cewa dutsen banza shi ke da ƙara, zinariya mai zurfi kuwa 'yar siririyar murya gare ta, dama da hagu iri ɗaya. Da ka ji ta, maza ka kashe madannin nan. In ka yi ta kai da kawowa a kanta yana kunne, sai na'urar ta ɗauka ƙasa ce, ta haɗiye ta ita ma.

Wan mijin ya tarar da madannin a kunne, bai san sirrinsa ba, kuma girman kai ba zai bar shi ya tambaya ba. Ko abin sawa a kunne ba ya sawa, wai don jama'a su ji injinsa na aiki. Wata biyu ya yi yana haƙa duk inda ta yi ihu, yana fito da duwatsu da tsatsattsun ƙusoshi. Mahaƙa har sun fara tsokanarsa, suna tambaya ko gini zai fara.

Ita kuwa kullum sai ta bi ta gefen filin da tasarta a ka, tana tafiya a hankali, kunnenta a buɗe. Ran nan da hantsi, shugaba da wasu mutum huɗu suna hutawa a inuwa kusa, ta ji ta. 'Yar murya ce ƙasa-ƙasa, dab da wani kututture. Ta tsaya cak. Wan mijin ma ya tsaya, ya karkata kai.

"Yaya, kamar na ji wani abu," in ji ta, murya a sanyaye. "Sake kaɗawa mana, ko zai ƙaru."

Ya harare ta, amma ya kaɗa. Ta ce ya ƙara. Ya ƙara. Muryar ta soma dusashewa, ita kuma tana tsaye tana ƙirgawa a zuci, daɗi kamar ya kashe ta. A karo na tara na'urar ta yi tsit.

"Ayya," ta ce da ƙarfi yadda na inuwa za su ji. "Ashe ƙasar ce ta sake yi maka wasa. Ƙanenka dai bai taɓa bari ta yi masa haka ba."

Aka kwashe da dariya. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya yi jifa da diga, ya bi turakun nan huɗu ya finciko su ɗaya bayan ɗaya, ya watsa mata a ƙafa.

"Ga tsiyar nan, ki haƙa ki ci! Ba komai a nan sai wahala."

"Shugaba, ka dai gani?"

"Na gani," in ji shugaba.

Ta kwance ɗaurin zanenta ta fito da wani guntun turke da ta daɗe tana yawo da shi, ta ɗauki dutse ta buga shi a gindin kututturen.

Kwana uku ta yi tana haƙa da aron diga. Marmara ta ci mata tafin hannu har ya fashe, ta naɗe da tsumma ta ci gaba. Matan bakin rafi suka ce ta zare. Ramin na kai mata ƙugu ta fara wanke duk abin da ta kwaso, shebur bayan shebur. A rana ta uku da la'asar abin ya zauna a gindin tasa, rawaya, ya kai babban yatsanta.

Ba ta nufi gida ba. Da jar ƙasar a jikinta ta tafi rumfar mai gyaran babur, inda wan mijin ke zama cikin mutane. Ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, ta ce ya ba ta hannunsa. Ya miƙo yana yatsina. Ta ɗora masa zinariyar, ta naɗe yatsunsa a kai. Ya buɗe tafin ya ƙura mata ido.

"A ina?" ya ce da ƙyar.

"Gindin kututture. Inda ka tsaya."

Ya ƙara damƙewa. Ta bar shi ya riƙe har sai da kowa a rumfar ya miƙe ya leƙo. Sannan ta ɓamɓare yatsun nan ɗaya-ɗaya, ta ɗauke abinta, ta ƙulle a bakin zane.

"So nake ka ji nauyinsa kawai, Yaya," ta ce. "Don ka san abin da za ka riƙa tunawa."