Faifan da Aka Ba Tabawa Ajiya

"Babu komi ciki," in ji Yunusa, sakataren asibiti, yana sake tura faifan sede cikin ordinatarsa, wato kwamfuta, a tsakar gidan su Elizabet. Na'urar ta yi gurnani, ta tofo shi. Karo na huɗu ke nan.

Elizabet ta waiga ɗakin da mahaifinta Bulus ke kwance, numfashi sama-sama. Tun safe abu ɗaya yake roƙo: ya ji muryar matarsa Dorkas, waƙoƙin coci da aka ɗaukar mata kafin ta rasu. Faifan kuwa shekara tara yana ajiye a kwallar maƙwabciyarsu Tabawa.

Ajiya? Tabɗi! Elizabet ta san gonar Rabo, mijin Tabawa, can hanyar Madawa. Faya-fayai ne reras a igiya, suna walƙiya suna korar tsuntsaye daga gero. Zuciyarta ta ba ta an yi musanya.

Ta leƙa ta katanga. "Inna Tabawa, wanga shi na faifan da Baba ya ba ki?"

"Shi na, ɗiyata. Lahiya?"

"Ba dai na uwata na can shina gadin hatsi ba?"

Tabawa ta aje rariyar da take tankaɗe, ta shige ɗaki.

Yunusa ya karkata faifan ga haske. "Dubi zoben ga, an rubuta abu. Wanda ya ɗauka ne bai ruhe shi ba. Irin wanga, sai injin da ya rubuta shi ka iya karanta shi."

Injin kuwa tsohuwar ordinatar coci ce, tana mangaza, ɗakin ajiyar cocin, ƙarƙashin karyayyun benci. Kafin su ɗauko ta a babur la'asar ta yi. Suna tsakar gida suna haɗa wayoyi Bulus ya cika. Tabawa ce a kansa da moɗar ruwa. Ba wanda ya ga shigowarta.

Yunusa bai sani ba, ya danna maɓalli. Muryar Dorkas ta cika gidan tar, sai ta katse tsakiyar baiti da dariya: "Tabawa, ina ganin ki laɓe! Shigo mana ki zamna."

Kunya ta rufe Elizabet, ta kasa ɗaga kai. Tabawa ta fito ta zauna bakin ƙofa, hannunta duk gari. Ta ɗan gusa a kan tabarma, ta bar wa Elizabet wurin mutum ɗaya.