Kazan ɗin Abu Nazih

"Ajiye gudumar nan, Subhi," in ji Abu Nazih. "Ba a gama magana ba."

Na ajiye, amma ba da son raina ba. Kwana uku ke nan ina fasa banɗakinsa. Na kwashe tsohon daɓe, na kankare bango, saura kusurwa ɗaya inda kazan yake tsaye. Doguwar tukunyar tagulla ce da ta kai kafaɗata, da murhu a ƙarƙashi da bututun hayaƙi da ya huda bango. A cika shi da ruwa, a hura masa busasshiyar tunkuzar zaitun, kafin rabin awa ruwa ya yi zafi, ɗakin ma ya ɗume. A da, kowane gida a ƙauyenmu na kan tsaunin Akkar yana da irinsa. Na Abu Nazih ne kaɗai ya rage.

Ɗansa Nazih, wanda ya zo hutun wata ɗaya daga Sidni kuma shi ya sa ni aikin, yana tsaye bakin ƙofa yana kare takalminsa daga ƙura.

"Baba, ai mun gama tun jiya. Hita ta lantarki a bango, tankin ruwan zafi a sama. Maɓalli kawai za ka danna."

"In danna in jira wa? Wutar da ake ba mu awa biyu, ita ma sai ranar da aka tashi da fara'a?"

"To a sa na gas."

"Gas a ɗakin da tagarsa ba ta fi tafin hannuna ba? In gajiya ka yi da ni, ka faɗa min kai tsaye."

Nazih yana da gaskiyarsa. Tsohon ya haura tamanin, kuma bara ya zame a matakala da kwandon tunkuza a hannu ya karye a wuyan hannu. Ni kuwa na tsani kazan. Shekara talatin ina aikin famfo da tayil, kuma tayil ɗin da Nazih ya sayo fari ne tas, irin wanda ban taɓa samun liƙawa a ƙauyen nan ba. Na san kunkunniya za ta gama da shi cikin wata guda.

Sai dai banɗakin Abu Nazih ba nasa ba ne shi kaɗai. Shi ke wanke mazan ƙauyen idan sun rasu, shi ya sa ma ya gina ɗakin da faɗi, yadda katakon wanka zai shiga har mutum uku su kewaya.

"Shekara arba'in da huɗu," ya ce, "ban taɓa zuba wa mutum ruwan sanyi ba, ban taɓa tuɓe shi a ɗaki mai sanyi ba. Abin da na yi wa mutane shi nake so a yi min."

"Haba Baba, wanda ya mutu yana jin sanyi ne?"

"Ka taɓa mutuwa ka dawo ne?"

Sai ya juyo kaina, ya kira ni yadda ake kiran gwanin sana'a a wurinmu. "Kai ka faɗa masa, Mu'allim. Ai kana nan ranar babanka."

Ina nan kuwa. A watan Janairu ne, dusar ƙanƙara har gwiwa. Muka shigo da mahaifina ɗakin nan muka tarar da shi a ɗume, tururi ya cika shi. Abu Nazih yana gwada ruwan da gwiwar hannu kafin ya zuba, kamar mai shirin wanke jinjiri. Duk na tuna wannan. Amma na kalli kwalayen tayil na ce, "Hita ta fi tsabta, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Har yau ina jin kunyar maganar nan.

"To ku yi," ya ce. "Amma kar ka ba mai sayen tsofaffin ƙarafa shi."

Na yanke bututansa da zarto cikin gaggawa, muka ja shi zuwa bayan gidana muka jingine a gindin ɓaure. Na toshe kafar hayaƙin da siminti, na liƙa tayil a kai, ba wanda zai ce an taɓa yin rami a wurin. Ranar da na gama an ci sa'a akwai wuta, Nazih ya danna maɓalli, hita ta yi ja, ya ɗauki hoto. Bayan sati ya koma Sidni da alƙawarin in zafi ya shigo zai sa a kafa wa gidan sola.

Abu Nazih bai sake tayar da zancen ba, sai dai tsokana a kan hitar. In mun haɗu a hanyar masallaci zai ce, "Mu'allim, adon bangon nan naka yana gaishe ka. Lafiyarsa ƙalau, ko gajiya ba ya yi."

A tsakiyar Janairu dusar ƙanƙara ta kwana biyu tana zuba, turken wuta ya faɗi a ƙasan ƙauye, hanya ta toshe. Kwana huɗu ko ƙyas ba mu gani ba. Ranar Juma'a da hantsi ina kwashe ƙanƙarar bakin ƙofata, sai ga Wafika, 'yarsa da ke zaune da shi, ta tsallako da silifas.

"Mu'allim, Baba ya rasu."

Ya yi sallar asuba, ya ci zaitun da burodi, ya zauna gefen murhun falo da tawul da kayan Juma'arsa a ninke a kan cinya. Ya ce mata zai ɗan jira ko za a kawo wuta ya yi wanka. Ta shiga dafa masa gahawa, ta fito ta same shi kansa a jingine da bango.

Liman ya ce bayan la'asar za a kai shi. Mata suka fara ɗora tukwane a kan murhu. Ni na wuce banɗakin na tsaya. Ina ganin numfashina yana fita kamar hayaƙi, na dafa bangon na janye hannuna da sauri.

Wafika ta tsaya a bayana. "Ruwa dai za mu dafa a tukunya," ta ce. "Ɗakin ne ban san yadda za a yi ba."

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta miƙo min waya, Nazih ne, muryarsa ta dushe da kuka.

"Mu'allim, kazan ɗin yana nan?"

"Yana nan."

"To tayil ɗin fa?"

"Ni na liƙa shi, ni zan fasa."

Mu huɗu muka tono shi daga ƙanƙara muka ɗauko shi a kafaɗa. Na sha wahalar gyaran bututun da na yanke da ganganci, yatsuna sun ƙage, dalmar ta ƙi kamawa sai a karo na uku. Sannan na ɗauki gudumar nan da Abu Nazih ya taɓa cewa in ajiye, na auna inda ramin yake, na buga. Tayil huɗu suka tafi. Ban ji komai ba sai sauƙi.

Da na tambayi abin hurawa, Wafika ta kai ni ɗakin ajiya ta yaye wani tsohon bargo. Buhu biyu na tunkuza, a ɗaure, a bushe.

"Bayan kun cire kazan ɗin ya je wurin masu matsar mai ya karɓo," ta ce. "Shekaranjiya da sanyi ya matsa na ce mu zuba a murhun falo, ya ce ba na falo ba ne."

Muka cika kazan da bokiti, na hura wuta. Hayaƙi ya ɗan yi gardama, ya lashi farin bangon har sama, sannan ya sami hanyarsa. Kafin azahar ɗakin ya ɗume, sai da na cire rigar sanyina. Aka shigo da katako, aka shigo da Abu Nazih. Liman ne ya wanke shi da sabulun zaitun da ganyen magarya, ni ina zuba ruwa. Kowace moɗa sai na gwada da gwiwar hannu tukuna. Liman ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya ci gaba da wankan.

Mun dawo daga maƙabarta rana tana shirin faɗuwa. Maza suka wuce falo zaman gaisuwa, ni na shiga banɗakin in kwashe kayan aikina. Ina durƙushe ina tattara fasassun tayil sai na ji yara a waje suna ihun an kawo wuta. Wani abu ya yi ƙara a saman kaina. Na ɗaga ido, hita ce ta fara yin ja. Ashe tun da safe Abu Nazih ya danna maɓallin ya bar shi.

Na miƙa hannu na kashe ta. Ɗakin yana nan da ɗuminsa. Kazan ɗin yana ƙas-ƙas a kusurwa yana hucewa a hankali, ruwan tururi kuma yana gangarowa a kan sabon madubi.