Yarinyar da Ta Juya Baya

Sati uku da rasuwar Baba, wani malamin jami'a ya yi sallama a gidan. Babbar 'yar marigayin, wadda kowa ke kira Yaya, ita ta buɗe masa. Ma'aikaciyar jinya ce, ta ɗauki hutu don ta kwashe ɗakin da mahaifinta ya shekara arba'in yana zana hotunan littattafan tatsuniya.

Ɗakin na warin fenti da tsohuwar takarda. Burushi sun bushe a gwangwanin madara, tabaransa na kan tebur inda ya bar shi. Tun ranar jana'iza take jiran kuka ya zo, shiru. Tana ci, tana barci, tana amsa gaisuwa kamar mai karanta takardar magani.

Malamin ya yi ta'aziyya, ya ce littafi yake rubutawa a kan zanen Baba. Ya zaro wani hoto daga jakarsa: yarinya a bakin daji ta juya baya, ga bokiti a gefenta, sama ta yi baƙi ƙirin.

"Duba nan, Malama," in ji shi. "Dajin nan girma ne, za ta shiga ta bar ƙuruciya. Bokitin da ba komai a ciki, rashi ke nan. Marigayin kuma ya ɓoye fuskarta don kowa ya sa tasa. Kin ga kaɗaicin?"

Yaya ta duba. Ta gane rigar yarinyar. Ita ce, tana 'yar shekara bakwai. Ranar Baba ya hana ta fita wasa, ya ce ta tsaya ya zana ta, ita kuwa ta kumbura ta ba shi ƙeya. Ya yi dariya ya ce, "To uwata, ƙeyar ma ta isa." Bokitin kuma na tarar yoyon rufi ne.

"Ko na yi kuskure?" malamin ya tambaya.

"A'a, Malam. Ka fi ni sani."

Ya nemi aron zanen na asali. Ta lalubo shi a ƙasan wani kwali, ta naɗe a jarida ta miƙa masa. Ya yi ta godiya har bakin ƙofa.

Can ƙaninta ya kira, yana tambaya ko ta gama. Ta ce saura kwali biyu.

"Lafiya dai, Yaya? Na ji muryarki wani iri."

"Lafiya lau. Ka zo da mota gobe."

Ta ajiye wayar, ta jawo kwali, ta ci gaba da jera takardu, manya a ƙasa, ƙanana a sama.