Jar Rigar Lorna

Tunda Reino ya auri Lorna bai taɓa sanin yadda rigunan sanyinsu suke samun wanki ba. Shi dai ya san idan ƙanƙarar tafki ta narke sukan ɓace daga bayan ƙofa, idan sanyi ya dawo ya tarar da su a rataye sun kumbura sumul, kamar ba a taɓa zuwa kamun kifi da su ba. Mutum ne da zai kwance injin jirgin ruwa ya mayar idonsa a rufe, amma injin wankin da ke ɗakin ƙasa, ko inda ake kunna shi bai sani ba.

Ran Laraba Lorna ta bugo waya daga asibitin birni, ta ce gobe za a sallame ta.

"Ka zo mini da jar rigata," in ji ta. "Kada ka kwaso mini wata, na san halinka."

Rigar ta girmi autarsu. Lallausan gashin ƙirjin agwagwa ne a cikinta, irin wanda idan yana da tsabta yakan tashi ya riƙe ɗumin jiki ko da sanyi na fasa itatuwa. Da Reino ya kai ta hasken taga sai ya ga wuyan ya yi baƙi da maiƙo, hannuwan suna ƙarnin kifi da hayaƙi. Bana ba ta ga ruwa ba, don ciwo ya kwantar da Lorna tun kafin lokacin wankin ya zo.

Abu biyu likita ta riga ta gaya masa a bakin ɗakin da aka kwantar da Lorna. Na farko, maganin ya cinye ƙarfin jinin matarsa, a kiyaye ta daga datti da sanyi. Na biyu, sun yi iyakar ƙoƙarinsu, kada ya sa rai za ta ga sanyin baɗi. Na biyun nan ya tura shi can ƙarshen zuciya ya ƙi waiwayarsa. Na farkon kuwa aikin hannu ne, shi kuma hannu yana da shi.

Ya sauka ɗakin ƙasa, ya cusa rigar a inji, ya ambula mata garin sabulu ba tsoron Allah, ya sakar mata ruwan zafi. Da injin ya tsaya sai ya buɗe. Abin da ya ciro ba riga ba ce, wani jan tsumma ne mai nauyi, sharaf, yana warin jiƙaƙƙen kare. Gashin duk ya tattare ya dunƙule a kusurwoyin ɗinki kamar ƙwan kaza, tsakanin ɗinkin kuwa ba komai sai yadi biyu a manne.

Su Reino zuriyar mutanen ƙasar Finlan ne, kuma a wurinsu duk abin da ya gagara ɗakin wankan tururi ake kai shi: mura, ciwon baya, har faɗan mata da miji. Don haka ya hura wuta a ɗan ɗakin da ke bayan gida, ya rataye rigar, ya ja ƙofa. Da safe ya tarar wajenta ya bushe ƙayau. Ya latsa, dunƙulen suna nan daram, sai ma tauri da suka ƙara.

Dole ta sa ya kira yayarsa Aili, wadda ke zaune a tsallaken titi. Ta shigo tana kakkaɓe dusar ƙanƙara daga takalmanta, ta ɗaga rigar da yatsa biyu.

"Wa ka kashe?"

"Yaya, ba lokacin wasa ba ne. Da rana tsaka zan ɗauko Lorna."

"Da wane sabulu ka wanke?"

"Na wanki mana."

"Na wanki mana!" Ta kwaikwayi muryarsa. "Ɗan nema, ka shaƙe gashin da gari, sannan ka kai shi ka gasa. Lorna ta lalata ka, wallahi. Ɗauko rigar, sai an sake ɗaurayewa."

"A sake jiƙa ta? Haba Yaya!"

"Ko ka kai mata buhu ta sa."

Suka ɗauraye, suka sake ɗaurayewa, har ruwan ya fito ba kumfa. Aili ta tallafo rigar daga ƙasa da hannu biyu, ta ce idan aka ja ta sama tana jiƙe nauyin gashin zai yaga ɗinkin ciki. Ta sa ta a injin busarwa, ta rage zafin ƙasa-ƙasa, ta ce ya kawo ƙwallayen wasan Musti, karen gidan, ya wanke su tas. Ƙwallayen ne za su riƙa dukan dunƙulen suna warware su.

Injin ya kama ƙara, dum, dum, dum. Musti ya zauna a gabansa yana kuka, yana kallon Reino kamar ɓarawo. Reino kuwa agogo yake kallo. Da ya miƙa hannu zai ƙara zafi, Aili ta buge hannun.

"Ka narkar da yadin, ka ga ta kanka."

"Ba ta sauri."

"Ai ba ta san kana sauri ba."

Jifa-jifa sukan tsayar da injin su ciro rigar, su bi dunƙulen da yatsu suna warwarewa ta cikin yadi, su mayar. A hankali bayan rigar ya fara tashi, sannan ƙirjin. Reino ya ji daɗi har ya rungume karen. Amma hantsi ya ɗaga, hanyar birni kuma ba kusa ba. Aili ta matsa hannun rigar da gefen ƙasa, ta kara a kumatunta, ta girgiza kai.

"Da saura. Kada ka kuskura ka sa mata, danshin nan sanyi zai ja mata. Ka ba ta taka." Ta gyara masa hula, abin da rabonta da yi tun suna yara. "Je ka, kada ta yi ta jira."

Ya tarar da Lorna a keken marasa lafiya kusa da ƙofa, da hular ulu a kanta inda gashi ya zube. Ya tuɓe tasa rigar, toka-toka, ƙatuwa, ya naɗe ta a ciki. Ta ɓace a rigar, sai hanci da idanu. Bai san ta rame haka ba sai yau da ya gan ta a tufafinsa.

Sai da suka hau hanya, mota ta ɗau ɗumi, sannan ta ce, "Tsoho, ina tawa?"

Ya miƙa hannu baya ya jawo ta, ya ɗora mata a cinya, bai yarda sun haɗa ido ba. Ta shinshina wuyan. Ta bi hannun rigar da yatsu har ta kai ga dunƙulen.

"Ka wanke."

"Na wanke."

"Da garin sabulu?"

"Yaya Aili ta riga ta zage ni, ki huta."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa sai ta sunkuya ta fara aiki. Yatsunta sun zama sirara, bayan hannun duk shatin allura, amma sun san abin da suke yi. Takan kama dunƙule ɗaya, ta murza shi sannu-sannu, ta ja gefe da gefe, ta bubbuga, ta wuce na gaba. Itatuwa suna wucewa farare fat.

"Saurara," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Ka fara zuge zif ɗin duka, ka duba aljihu. Ruwan mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba. Sabulunta daban ne, yana kan kanta a bayan kwalaben fenti. Kada ka murɗe ta wai kana matsewa. Idan ta bushe kuma ka rataye ta, kada ka cusa a jaka, gashin karyewa yake. Taka ɗin nan ma wuyan ya yi baƙi. Idan ƙanƙara ta narke sai ka..."

"Ba zan riƙe ba."

"Ba wuya, Reino."

"Na ce ba zan riƙe ba. Kaina ya tsufa. Kin ga dai abin da na yi wa taki. Tawa ke za ki wanke, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa."

Muryarsa ta fi yadda ya so ƙarfi. Ashe ta sani. Duk ɓoyon da yake yi, ita ma likitar ta gaya mata, ko kuma jikinta ne ya gaya mata. Tsoro ne tsagwaronsa ya kama shi, ya damƙe sitiyari, hanya ta fara yi masa dishi-dishi.

Lorna ba ta yi musu ba. Ta ci gaba da murza hannun rigar. Can ta ce, a hankali, "Ni ba mutuwar ce take hana ni barci ba. Tunanin ka fita kan tafki da rigar da ba ta riƙe ɗumi, ba wanda zai lura, shi ne."

Ya rage gudu, ya gangara gefen titi inda motar share ƙanƙara ta buɗe wuri, ya tsaya. Ya goge fuskarsa da hannun suwaita. Ya daɗe yana kallon yatsun nan a kan jan yadi. Sannan ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ta.

"To," ya ce. "Faro daga farko, a hankali. Me kika ce a yi wa zif ɗin?"